Kafin ka aza bulo, kira maƙwabcinka

Jama'a akwai maganar da ke ci na a rai tun ranin bara, kuma na ga kamar ba mu kaɗai ta shafa ba, duk ƙauyen da bulo ya fara shiga sai ka ji irinta.

Gidanmu na gado yana wani ƙauye ta wajen Ringim, tsakaninmu da maƙwabcinmu tun tasowata darni ne na kara. Wanda ya zauna a ƙauye ya san darni ba ya zama wuri ɗaya, iskar farkon damina ta kwantar da shi, gara ta ci dirkokin, bayan kaka a yanko sabon kara a sake haƙa rami kusa da na da, bana ya matsa can baɗi ya matso nan, babu mai damuwa don kowa ya san abu ne da ake sakewa. To da Allah ya hore mana muka haɗa kuɗi ni da yayana muka ce a yi katangar bulo, birkila ya zo ya ja igiya a kan layin darnin da ya tarar, aka haƙa harsashi, mu ko sallama ba mu yi wa maƙwabci ba. Wannan kuskurenmu ne kuma na yarda da shi.

Layi uku aka aza sai ga dattijon ya fito, mutumin da muke kira Baba tun muna yara, jikinsa har rawa yake. Ya ce mun shigo masa kusan kamu guda ta wajen turken awakinsa, kuma in muka yi ɗaki a nan indararonmu gidansa zai dinga zuba. Yayana ya hau sama, 'ya'yan Baba su ma suka taso, kafin la'asar matan gidajen biyu sun daina gaisawa, yaran da ke cin tuwo kwano ɗaya an hana su shiga gidan juna. Wallahi abin ya yi min ciwo fiye da kuɗin simintin.

Masu zuga kuwa ba a rasa su, wannan ya ce ku tafi kotu, wancan ya ce ai kuna da gaskiya. Wace takarda za mu kai? Dokar filaye ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da shaidar mallaka a karkara, amma gidajen gado nawa ne a ƙauyukanmu ke da ita? Ko alƙalin ma ƙarshenta shaidu zai nema, dattawan unguwar nan dai su za a kira, bayan an ƙarar da kuɗin mota an shuka gabar da jikoki za su gada.

Mahaifiyarmu ce ta ce a je wajen mai unguwa, shi kuma ya taho da liman da wakilin dagaci. Liman bai yi dogon wa'azi ba, ya tuna mana hadisin nan cewa wanda ya ci ko taƙi ɗaya na ƙasar wani da zalunci za a rataya masa ita har ƙasa bakwai ranar ƙiyama, da wanda aka la'anci mai canza alamar iyaka. Wuri ya yi tsit. Sai mai unguwa ya aika aka kamo hannun wata tsohuwa da aka kawo ta unguwar tana amarya tun kafin a haifi babanmu, ta zo da sandarta tana dogarawa, ta tsaya ta dubi wurin ta ce a da bini-da-zugu ne a jere a nan, kuma kakanmu da mahaifin Baba sun binne fasasshen dutsen niƙa a kusurwa. Aka kawo diga. Ba a yi zurfin gwiwa ba sai ga dutsen, ta cikin gidanmu. Baba ke da gaskiya.

Ni abin da ke tsorata ni, da tsohuwar nan ta riga mu gidan gaskiya fa? Iyakokin gidajenmu da gonakinmu a kan tsofaffi suke ajiye, su da gamba da dashi da kututturen aduwa, kuma duk tafiya suke yi ɗaya bayan ɗaya. Dan Allah duk mai niyyar gini ya kira maƙwabci da mai unguwa tun kafin birkila ya ja igiya, a auna da tif a gaban kowa, a kafa alamar siminti, a rubuta a takarda shaidu su sa hannu, a ɗauki hotonta a waya.

Mun rushe layi ukun da hannunmu. Yayana ya durƙusa ya ce Baba ka yafe mana, shi kuma ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, amma indararo dai ku juya shi lungu. Haka aka yi, kuma ranar da aka sake haƙa harsashin babban ɗansa ne ya riƙe ɗaya bakin igiyar.