Hajiya, laifin ba na wadda ta ba ki zaren ba ne

Tun shekaranjiya ake ta yawo da hoton bargon jaririn nan da ya kanannaɗe, ana ta cin naman baiwar Allah da ta ba da kyautar zaren, wadda ta riga ta koma Kano. Abin ya ishe ni. Mace ta yi shekara da shekaru a Jidda tana tara zare da guminta, da tafiya ta zo ba ta kai shi kasuwa ba, ba ta zubar a bola ba, ta ɗauki jaka biyu ta kai gidan ƙawarta Hajiya, wadda ta saƙa bargon da shi. Tukuicin da ta samu shi ne a ce shara ta bayar. Wallahi wannan zalunci ne. Zaren ba shi da laifi, mai bayarwa ba ta da laifi. Hajiya, ba ki tantance ba kika ɗora a kibiya, iyakar abin da ya faru ke nan.

Duk mai saƙa da ta dubi hoton nan ta san labarin. Layin toka-toka ya tsuke ya yi tauri kamar darduma, layin shuɗi yana nan yadda aka saƙa shi, farin gefe ya koma ruwan hoda. Na toka ulu ne na gashin tumaki, shuɗin akirilik ne, wato zaren roba, jan da ke tsakiya kuma bai riƙe rininsa ba. An haɗa su a abu guda aka jefa a injin wanki. Kowane silin gashin tumaki yana da ƙananan ɓawo a jikinsa, kuma idan zafi da sabulu da jijjiga suka haɗu, ɓawon nan sai ya sarƙe da juna, ba ya sake warwarewa. Kar ma a ce ai ruwan sanyi aka kunna. Da rani a Jidda da Makka, ruwan da ke saukowa daga tankin saman bene da zafinsa yake zuwa, ko ta wane famfo. Ulu ba ya son abin da ya wuce digiri 30, kuma da hannu ake wanke shi, a matse a cikin tawul, a shimfiɗa a inuwa.

Masu cewa ai babu takarda a jikin zaren, to sai me? Ashana ɗaya ta isa. Ki yanko tsawon yatsa, ki riƙe da hantsaki ko bakin almakashi a saman kwanon ruwa, ki kusanto da wuta. Gashin tumaki yana warin ƙonannen gashi, wutar tana mutuwa da kanta, baƙin da ya rage yana murƙushewa tsakanin yatsu. Auduga tana ci bal-bal da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Akirilik narkewa yake yi, da baƙin hayaƙi da warin roba, ya bar ɗan dunƙule mai tauri da ba ya murƙushewa. Idan kin ji warin gashi kuma kin ga dunƙule mai tauri, gauraye ne, ki bi da shi yadda ake bi da ulu. In kina shakka, jiƙa sili ɗaya a ruwan bilicin Clorox ki bar shi ya kwana a wurin da yara ba sa kaiwa: gashin tumaki zai narke, auduga da akirilik za su rage. Kashi uku ke nan, leda uku, ki rubuta a jikin kowace. A tantance kafin a saƙa, jama'a.

Kafin ma ashana, zaren kyauta ba ya shiga durowar da naki yake ranar da ya iso. Asu gashin dabba yake ci, kuma tsutsarsa ce ke ɓarnar, ba mai fiffiken da kike gani ba. Ki buɗe tsakiyar kowane dunƙule. Idan zaren yana tsinkewa guntu-guntu ba tare da kin ja ba, ko kika ga ɗan gari mai kama da yashi da farar yana, akwai shi. Ɗaure ulun a leda, matse iskar, saka a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri, mako guda. Fitar da shi kwana biyu, sake mayarwa, saboda ƙwan da ya tsira. Sannan ki shinshina. Danshin Jidda yana sa zare funfuna, musamman wanda aka ƙulle a leda bai gama bushewa ba. Wanda ya sha turaren wuta a ɗaki shekara da shekaru a shanya shi a inuwa kafin a yi wa jariri komai da shi.

Wata ta ce wa yake da lokacin duk wannan. Bargon nan ya ci makonni ana saƙa shi. Tantancewar ba ta wuce daga la'asar zuwa isha ba, ban da kwanakin firiza da ba ke za ki tsaya a kansu ba. Wannan ba uzuri ba ne.

Wata kuma ta ce da mai bayarwa ta yi bayani. Mace tana fama da awon kaya da sallamar mutane, za ta zauna ta tuna inda ta sayi kowane dunƙule? Ta yi nata. Sauran na mai karɓa ne.

Sai kauri, wanda shi ma hoton ya tona, don gefen bargon yana hawa yana sauka. Naɗa zaren a jikin rula, sili kusa da sili ba tare da kin ja da ƙarfi ba, ki ƙirga nawa ya cika inci ɗaya. Idan 14 ne ko fiye, siriri ne, kibiya mai milimita 3 ko ƙasa. Idan 11 ne, mai milimita 4. Idan 9 ne, mai milimita 5. Idan 7 ne, 6 zuwa sama. Zare biyu masu kauri daban ba sa zama layi da layi a shimfiɗe, sai dai ki ninka siririn biyu ya kamo ɗan'uwansa.

Kuma ki san nawa gare ki kafin ki ƙudurta abin da za ki yi. Auna mita 10, ɗora a ƙaramin sikelin kicin. Idan ya ba ki giram 4, to giram 100 mita 250 ne. Hular jariri ba ta cinye giram 50, safar babba kusan 100, bargon jariri 400 zuwa 500, rigar sanyin babba daga 500 zuwa sama. Kyauta irin wannan yawanci saura ne, ɗaya nan biyu can, don haka ƙananan abubuwa ne rabonta. Ko launi ɗaya ne, ki jera su bakin taga da rana, domin rinin tukunya daban yana nunawa a tsakiyar riga. Ja da baƙi da shuɗi mai duhu kuwa, jiƙa sili ki danna a farin ƙyalle ki gani ko zai zuba. Daga nan ki saƙa ɗan gwaji da ya ɗara santimita 10 kowane gefe, ki auna, ki wanke shi yadda za a riƙa wanke kayan, ki sake aunawa. Da an yi wannan kaɗai, da ƙyalle mai faɗin tafin hannu ne ya lalace, ba bargo ba, ba kuma zumunci ba.

Masu cewa me za a yi da ulu a zafin nan, ku je Ɗa'if ko Abha a watan Janairu, ku tsaya sallar asuba a Madina da sanyi. Tabuk har ƙanƙara take gani a duwatsunta. In ba nan ba, yaran gida a Kano da Damagaram da Jos suna buƙatar hula da hunturu. Audugar a yi mata soson wanka da abin sauke tukunya. Akirilik dai kar ya kusanci murhu ko dutsen guga, narkewa zai yi a hannu.

Tunda ana maganar, kwarashi da kibiyoyin shagunan kayan arha da ake ce wa abu riyalain ma sun dame ni. Da yawa babu lamba a jikinsu, wasu bakinsu da kaushi, suna tsaga zare sili-sili, mai koyo ta ɗauka hannunta ne bai iya ba ta ajiye saƙar gaba ɗaya. In za ki saya, ki shafa bakin a gefen mayafinki tun a shagon. Idan ya kama, ki mayar musu da abinsu.