Zugazugin Kamfani

Abin ya faru ne wata Asabar da hantsi a wani gareji da ke gefen birnin Houston, a jihar Texas ta Amurka, inda a-kori-kura ta zama abin ado, har ma'aikacin bankin da bai taɓa ɗaukar dami ɗaya ba da ita yake zuwa ofis. Mai garejin Bahaushe ne, jikan maƙera. Bakano ya zo a duba masa motocin da ya saya a gwanjo kafin a loda su a jirgin ruwa, yana zaune a kan tsohuwar taya yana lissafi a bayan ambulan, sai ga Bazazzagi ya shigo da Toyota Tundra ƙirar 2012, fambel ɗinta yana tsuwa kamar ɓera a cikin tarko.

Bakano: Sannu da zuwa, bawana. Tun kana kan babban titi na gane kai ne, domin babu mai iya jure wa wannan tsuwar sai wanda ya saba da surutun kansa.

Bazazzagi: Ba wurinka na zo ba, bawan gidanmu, saboda haka ci gaba da ƙirga sulallanka. Malam Bakanike, buƙata biyu ce ta kawo ni. Ta farko ita ce ka canja mini wannan fambel ɗin, ta biyu kuwa, wadda ta fi girma, ita ce ka sa hannu a wasiƙar da na rubuta wa kamfanin Toyota, inda nake roƙonsu a madadin dukan masoya a-kori-kura da su riƙa fito da ita da sufacaja a jikin injinta tun daga masana'anta.

Bakanike: Mutum nawa suka riga ni sa hannu, Malam?

Bazazzagi: Uku. Da ni, da mai ɗakina, da babban ɗana.

Bakano: Mai ɗakin nasa ta zaci takardar makarantar yara ce, ɗan nasa kuma shekararsa bakwai. Amma ku yi mini bayani tukuna, domin ni ba na zagin haja sai na san kuɗinta. Mene ne wannan sufacaja, kuma ana cin sa ne ko ana sha?

Bakanike: Alhaji, ka taɓa tsayawa a maƙera ka ga yadda wuta take lumshewa a cikin gawayi, yaro ya kama zugazugi ya zuga ta, nan take ta yi fari har ƙarfe ya yi laushi? To, inji ma wuta ce a cikinsa, kuma fetur ba ya ci sai da iska. Injin da aka bari haka nan yana shaƙar iska ne da kansa gwargwadon ƙirjinsa, shi kuwa sufacaja zugazugi ne da ake ɗora wa inji a ka, bel yana juya shi, yana ɗura iska a cikin silinda da ƙarfin tsiya, domin a ƙona ƙarin mai a sami ƙarin ƙarfi. Ba misali kawai nake yi maka ba. Waɗansu 'yan'uwa biyu da ake kira Roots, a jihar Indiyana, su suka yi rajistar irin wannan na'ura a 1860, kuma wutar narkar da ƙarfe aka daɗe ana zugawa da ita kafin masu mota su are ta. Kakana da ya ga abin nan da ya ce sana'ar gidanmu aka sace.

Bakano: Ashe zugazugi ne ya je Turai ya dawo da sabon suna. To, ai na ji ana cewa sabuwar Tundra tana da wani abu mai hura iskar.

Bazazzagi: Kada ka ambaci wannan a gabana. Tun daga ƙirar 2022 suka cire injin silinda takwas suka kawo mai shida da tarbo biyu, wai ci gaba. Tarbo hayaƙin salansa yake jira ya juya shi, ka ga kuwa abin da ke rayuwa da hayaƙin da aka zubar ai almajirin inji ne, sai an ci an rage yake samu. Idan ka taka totur sai ya ɗan yi tunani tukuna, kamar Bakano idan an tambaye shi rance. Sufacaja kuwa da injin yake tashi, da shi yake kwanciya, kana taɓa totur yana amsawa.

Bakanike: A nan Malam yana da gaskiya, sai dai bai faɗi sauran ba. Tun da inji ne ke juya shi, to yana cin nasa rabon daga ƙarfin da ya samar, kamar ɗan zuga da ake ciyarwa daga tukunyar gida. Shi ya sa kamfanoni suka fi son tarbo, domin hukuma tana auna musu shan mai da hayaƙi.

Bakano: To, idan zugazugin kake so, ga jikan maƙera a gabanka. Ka biya shi ya ɗora maka, ka huta da wahalar da ɗan shekara bakwai.

Bazazzagi: Wannan ita ce maganar wanda bai yi karatu ba. Akwai bambanci tsakanin yaron da aka haifa a gidan sarauta da wanda ya ari rawani ranar sallah. Ni na kamfani nake so, wanda aka haifi motar da shi.

Bakanike: Ko da yake maganar tana hana ni ciniki, dole in ce akwai hankali a cikinta. Idan kamfani ya yi niyyar sa sufacaja, yakan ƙarfafa fistin, ya faɗaɗa lagireto, ya sa abin sanyaya iskar da aka matsa domin matsi yana zafafa ta, ya zaɓi giyabos da zai iya ɗaukar dukan, sannan ya ba ka garanti a rubuce. Idan ni na ɗora maka a nan, ranar da fistin ya leƙo ta gefen inji, garantin da zan ba ka shi ne in ce Allah ya kiyaye gaba. Toyota ma sun taɓa yin tsaka-tsaki, suna sayar da sufacaja na sashensu mai suna TRD, dillalinsu ya ɗora a kan irin wannan injin naka mai lita 5.7, ƙarfinsa ya tashi daga na dawaki 381 zuwa 504, garanti kuma bai ɓaci ba. A 2015 suka daina.

Bakano: Kana ina a lokacin, bawana?

Bazazzagi: Ina nazari a kan lamarin.

Bakano: Wato kana neman kuɗin. To, yanzu gaya mana gaskiya, wa ya tayar maka da wannan ciwon? Na san Bazazzagi ba ya kwaɗayin abu sai ya gan shi a ƙofar gidan wani.

Bazazzagi: Ba hassada ba ce, lura ce irin ta masu ilimi. Maƙwabcina Bature ya sayi Ram TRX, irin wadda ta fara fitowa a ƙirar 2021, injinta lita 6.2 da sufacaja daga kamfani, ƙarfin dawaki 702. Daga tsaye takan kai gudun kilomita 96 a awa cikin daƙiƙa huɗu da rabi, alhali nauyinta ya kusa tan uku. Kullum da asuba idan ya tayar da ita sai tagogin ɗakina su yi rawa, idan kuma ya taka ta a bakin layi sai ka ji wata siririyar shewa a saman rurin injin, kamar amarya tana guɗa a bayan zaki. Rannan ya buɗe mini bonet ya ɗaga wani murfi, sai ga zanen wani dodon zamanin da ya kama ƙaramin dodo a bakinsa. Ƙaramin shi ne Raptor, sunan motar Ford, wato habaici ne aka zana a cikin inji.

Bakano: Ashe su ma suna da Kano da Zazzau.

Bazazzagi: Suna da su, kuma Ford ba ta haɗiye ba. Masoyan Raptor sun daɗe suna ƙorafi tun da aka mayar da ita silinda shida a 2017, ana ta kiran a dawo musu da takwas, sai a ƙirar 2023 aka fito da Raptor R, aka ɗauko injin lita 5.2 mai sufacaja na Mustang aka dasa mata, dawaki 700, shekara ta zagayo aka mayar da su 720 domin a wuce Ram. Ka ga amfanin ƙorafi ke nan, kuma ka ga dalilin wasiƙata. Jif-jif ma ba a bar su a baya ba, domin Jeep ta yi Trackhawk mai dawaki 707 a 2018, Cadillac kuma ta yi Escalade-V mai 682, wadda ake kai yara makaranta da ita.

Bakano: Dawaki 702 a ƙarƙashin mutum ɗaya, ko hawan daushe sai haka. To, bari mu zo wurin da nake da ilimi. Malam Bakanike, wannan TRX ɗin buhun shinkafa nawa take ɗauka?

Bakanike: Abin da kamfani ya yarda a ɗora mata bai cika kilo 600 ba, kuma har da nauyin direba da fasinja a ciki, domin an yi mata ƙafafu masu laushi ne saboda tsalle a kan rairayi. Ram ɗin da ba ta da zugazugi ta fi ta ɗaukar kaya, ta kuma fi ta jan tirela.

Bakano ya juya ambulan ɗinsa, ya lashi bakin biro bisa al'ada, ya yi 'yan rubuce-rubuce. Duk wanda ya san Kanawa ya san wannan ne lokacin da ya kamata abokin gardama ya nemi hanyar gida.

Bakano: Idan bawana ya shiga da wannan tumbin nasa, saura buhu goma. Jama'a, Fijo 404 a-kori-kura da mahaifina ya yi fatauci da ita tana ɗaukar fiye da haka, ga awaki a sama, ga yaran mota biyu a maƙale a baya, kuma ba ta taɓa cewa tana da dawaki ɗari ba. Man fa?

Bakanike: A ƙiyasin hukumar Amurka, lita ɗaya tana kai ta wajen kilomita biyar, kuma mai tsadar take sha. Tankinta lita 125 ne.

Bakano: Wato daga Kano zuwa Zariya sai ta shanye lita talatin, domin kawai a kai buhu goma garin da ba za a biya kuɗinsu a kan lokaci ba. Hausawa suna cewa ba girin-girin ba, ta yi mai, wannan kuwa ga girin-girin ɗin, man kuma ita ke shanye shi. Malam Bakanike, ku ne kuke tambaya in ba ƙira me ya ci gawayi, to ga amsa a Amurka, shewa ce ta ci shi.

Bazazzagi: Kai komai sai ka auna shi da buhu. Wanda ya sayi irin wannan mota ba kaya zai ɗauka ba, daraja ya saya. Bari in ba ka misali. Dodge ta fito da jif mai suna Durango Hellcat, dawaki 710, ta ce a shekarar 2021 kaɗai za ta yi shi, mutane suka yi rububi. Da aka ga masu nema sun ƙi ƙarewa, sai aka dawo da shi a 2023, waɗansu daga cikin masu sayen farko suka kai ƙara kotu, domin abin da suka biya shi ne a ce babu mai irin tasu.

Bakano ya ajiye biro a hankali.

Bakano: Tsaya tukuna. Ka ce mutane sun yi rububi, kuma har kotu suka je saboda maƙwabci ya sami irin tasu? Malam Bakanike, idan aka sami wadda ta ɗan bugu a gwanjo, aka gyara ta, aka sauke ta a Legas, aka kai ta Abuja inda na san waɗansu masu irin wannan ciwon, kana ganin nawa za ta bari? Bawana, miƙo wasiƙar nan in sa hannu, amma a ƙara layi ɗaya a ce su yi kaɗan, kada su yi da yawa.

Bazazzagi: Yanzu kuma buhu goman bai dame ka ba?

Bakano: Ai ba ni zan hau ba.

Bakanike ya bar su, ya ɗaga bonet ɗin Tundra, ya tayar da inji. Tsuwar ta cika garejin, da ya ɗan taka totur sai ta ƙara sirancewa ta yi sama. Bazazzagi ya karkata kai yana saurare, fuskarsa tana sauyawa.

Bazazzagi: Malam Bakanike, sake takawa. Don Allah ka faɗi tsakaninka da Allah, idan mutum yana cikin ɗakinsa da asuba, taga a rufe, zai iya bambanta wannan da ta maƙwabcina?

Bakanike: Idan barci bai gama sakinsa ba, kuma yana da mura, zai yi wuya. Amma Malam, wannan fambel ɗin ya tsattsage, ga shi nan duk ya yi sanƙo. Ga dukan alamu tun da aka ƙera motar ba a taɓa canja shi ba, har yanzu na kamfani ne.

Bazazzagi: Maimaita abin da ka faɗa na ƙarshe.

Bakanike: Na ce na kamfani ne.

Bazazzagi: To, rufe bonet ɗin, kada ka kuskura ka taɓa shi. Bawana, kai shaida ne cewa masanin inji ya tabbatar da bakinsa, shewar motata daga masana'anta ta zo.

Bakano: Na shaida. Idan ya tsinke maka a kan babban titi ka kira ni, ina da motar ja, kuma dala ɗari biyu kawai nake karɓa daga bayina.