Lasisi a jikin bango, yaro a bayan kanta

Wani dare cikin damina, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke bin gida-gida, na tsaya a wani kantin magani a Tudun Wadan Zariya domin in sayo wa mahaifiyata maganin hawan jini. Kantin ba ƙarami ba ne, akwai gilasai da firji, kuma a jikin bango an rataye lasisi cikin firem, ɗauke da sunan wani masanin harhaɗa magunguna. Wanda ke bayan kanta kuwa yaro ne da bai haura shekara goma sha bakwai ba. Ina tsaye wata mata ta shigo da goyo ta ce masa, "Likita, tun jiya jikinsa zafi rau, a haɗa masa na ɗari biyar." Bai tambayi watannin ɗan ba, bai tambayi abin da aka riga aka ba shi a gida ba. Ya ɓallo ƙwaya biyu daga wannan kati, uku daga wancan, ya ɗora kafso ja da rawaya a kai, ya ƙulle a leda. Da ta fita na nuna masa bangon na ce, "Samari, ina mai wannan takarda?" Ya yi murmushi ya ce, "Wallahi Baba, tun da na fara aiki a nan sau biyu na taɓa ganinsa."

Tun daga ranar, duk lokacin da na ji ana yabon sabuwar dokar sana'ar harhaɗa magunguna, wannan yaron nake tunawa. A watan Agustan 2022 ne marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokar hannu, ta maye gurbin wadda gwamnatin soja ta kafa a 1992. Hukumar da ke kula da sana'ar, wato PCN, ta ci gaba da amsa waɗannan haruffa uku, amma an gyara sunanta, daga hukumar masu harhaɗa magunguna zuwa hukumar harkar harhaɗa magunguna gaba ɗayanta. Gyaran ba na ado ba ne. An daɗe ana ja-in-ja, har gaban kotu, kan ko hukumar tana da hurumi a kan masu ƙananan shagunan da muke kira kemis. Sabuwar dokar ta fayyace cewa masanin da ya yi digiri, da mataimakinsa da ya yi kwas a kwalejin kiwon lafiya, da mai kemis na unguwa, da shagon da kowannensu ke zaune a ciki, duk suna ƙarƙashin hukuma ɗaya. Aikin NAFDAC shi ne ta duba maganin kansa, ingancinsa da rajistarsa. Aikin PCN kuwa ta duba hannun da ke miƙa shi da wurin da ake ajiye shi.

A takarda tsarin yana da tsauri. Kafin mutum ya amsa sunan masanin harhaɗa magunguna sai ya shekara biyar ko shida a jami'a, ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki, ya ci jarrabawar hukumar, sa'annan a yi masa rajista, kuma duk shekara sai ya sabunta lasisinsa. Kowane babban kanti dole ya kasance da irin wannan masani da ke ɗauke da alhakin duk abin da ya fita daga cikinsa, kuma magunguna masu haɗari a cikin kabad mai makulli ake ajiye su, da littafin da ake rubuta wanda aka ba da kuma takardar likitan da ya kawo. Mai kemis kuwa an iyakance masa jerin magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, a cikin kwalinsu yadda kamfani ya rufe su. Babu allura, babu ƙarin ruwa, babu haɗi. Tallan magani a tasha, ko cikin mota, ko a kan faranti a kasuwa, wata doka daban ta haramta shi tun kafin wannan.

Zariya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A nan aka buɗe makarantar horar da disfensa ta Arewa a 1930, waɗanda suka riƙe asibitocin sha-ka-tafi na En'e shekaru masu yawa, kuma har gobe tsangayar harhaɗa magunguna ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru tana yaye ɗalibai duk shekara. Mun kuma ɗanɗani ɗacin sakaci: a ƙarshen 2008 asibitin koyarwa na jami'ar yana cikin asibitocin da suka karɓi jariran da ƙodarsu ta daina aiki bayan an ba su wani maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda aka samu guba a cikinsa, kuma ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ƙirga yara 84 da suka rasu a ƙasar. Garin da ya ga wannan bai kamata a ce sai an yi masa dogon bayani kan amfanin dokar magani ba.

Inda nake da ja shi ne yadda ake aiwatar da ita. Abin da muka saba ji shi ne jami'an hukumar sun shiga jiha kaza sun garƙame shaguna ɗari kaza, mafi yawansu ƙananan kemis, a yi taron manema labarai, a watse. Ban ce kada a rufe shagon da ke sayar da tiramadol ga samari ko wanda ke yi wa mutane allura a bayan labule ba. Waɗannan ko kwana ɗaya bai kamata a ɗaga musu ƙafa ba. Amma kantin da na shiga a Tudun Wada ba ya cikin waɗanda za a rufe, domin takardunsa cikakku ne. Abin da ya faru sananne ne ga duk wanda ke cikin harkar: ɗan kasuwa mai jari ya buɗe kanti, ya nemo masani ya ba shi wani abu a shekara, masanin ya sa sunansa a yi rajista, ya kama gabansa zuwa wani aikin, wataƙila ma a wani garin. 'Yan sana'ar da kansu suna da sunan da suke kiran wannan ɗabi'a da shi, ma'anarsa a yi rajista a tafi, kuma shugabanninsu sun sha yin tir da ita a taruka. Wannan hayar lasisi, a ganina, ta fi kemis ɗin ƙauye haɗari, saboda matar nan mai goyo ta tsallake ƙananan shaguna uku ta zo babban kanti ne bisa zaton cewa a nan masu ilimin suke.

Dokar ta tanadi kwamitin bincike da kotun ladabtarwa ta cikin gida, masu ikon dakatar da masani ko soke sunansa daga rajista. To, sunaye nawa talaka ya taɓa ji an soke saboda hayar lasisi? Hukumar da mafi yawan kujerunta ke hannun 'yan sana'ar dole ta san cewa za a riƙa yi mata kallon mai kare 'yan gida, kuma babu abin da zai wanke ta daga wannan zargi illa a ga ta fara da na jikinta. Idan sufeto ya shiga kanti sau uku a lokuta daban-daban bai tarar da mai lasisi ba, ai magana ta ƙare, ba a buƙatar wani ɗakin gwaji. Gyara kayanka, in ji Hausawa, ba ya zama sauke mu raba.

Sai batun masu kemis. Duk wanda ya bar cikin gari ya nufi ƙauyukan Giwa, ko Soba, ko Igabi, ya san cewa a wurare da yawa mai kemis shi ne likita, shi ne nas, wani lokaci ma shi ne mai ba da bashi har a sayar da masara. Manyan kantuna sun taru ne inda kuɗi yake, kewayen asibitoci da Sabon Gari da Samaru, kuma da wuya wanda ya shekara shida a jami'a ya je ya kafa kanti a garin da babu wutar da za ta riƙe masa firji. Idan aka garƙame shagon da ke ƙauyen, ciwo ba zai jira ba. Mutane za su koma wajen mai faranti na ranar kasuwa, wanda maganinsa ya wuni a rana, kuma ba shi da adireshin da za a neme shi gobe. Hukumar da kanta ta fahimci haka, shi ya sa ta ɓullo da tsarin raba masu kemis hawa uku gwargwadon ilimin lafiyar da kowa ke da shi, ta yadda wanda ya yi karatun jinya ko kiwon lafiyar al'umma za a sakar masa abin da ba za a sakar wa wanda bai yi ba. Tsari ne mai ma'ana, kuma nan ya kamata ƙarfin hukumar da na gwamnatin jihar Kaduna ya karkata: horo da Hausa, a kusa, a farashin da mai ƙaramin shago zai iya, har ya san alamomin da in ya gani a jikin yaro ba haɗi zai yi ba, tura uwar asibiti zai yi nan take.

Akwai shaidar cewa in hukuma ta dage ana ganin canji. A watan Mayun 2018, bayan wani binciken BBC ya tona yadda maganin tari mai kodin ke fita ta bayan gida daga kamfanoni zuwa hannun matasa, gwamnatin tarayya ta hana yin sa da shigo da shi. A farkon 2024 kuma, bayan hukuncin kotu, PCN da NAFDAC suka rufe shaguna sama da dubu a kasuwar magani ta Sabon Garin Kano, aka matsa wa dillalai su koma cibiyar da aka gina musu a Dangwauro, a kan hanyarmu ta zuwa Kano. Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda da yawa daga masu shagunan Zariya a can suke saro kaya. Sai dai tsabtace rijiya ba ya hana a ɗebo ruwan da ƙazamin guga. Ingantaccen magani a hannun wanda bai san awonsa ba yana iya kisa, kuma kafso biyun da ake ɓallo wa mai ɗari biyar su ne ke koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magani.

Abu na ƙarshe da nake ganin dokar ba za ta yi aiki ba sai da shi, shi ne mai saye ya san haƙƙinsa. A bakin mutanenmu duk mai shagon magani likita ne, kuma lasisin da ke bango da Turanci yake, da ƙananan haruffa, a can sama inda ido ba ya kaiwa. Me zai hana hukumar ta wajabta allo a ƙofar kowane shago, da Hausar boko da ajami, mai bayyana ko wannan babban kanti ne ko kemis, da abin da aka yarda ya sayar, da hoton masanin da ke da alhakin wurin, da sa'o'in da ake samunsa, da lambar da za a kira in ba a same shi ba? Kuɗin allon bai kai na kwalin maganin tari guda ba, kuma da akwai shi a daren nan, da ni kaina na kira lambar kafin matar ta kai bakin titi.