Gunkin biyan bashi a Indiya da masu cin kasuwarsa

Duk wanda ya saba kallon finafinan Indiya ya san gunkin nan mai kan giwa da ƙaton tumbi, wato Ganesha. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne mabiya addinin Hindu sun ware masa siffofi 32, kowace da buƙatar da ake zuwa mata, kuma ta 25 a jerin, Rinamocana Ganapati, aikinta guda ne: raba mutum da bashi. Ina ganin yadda ake tallata wannan bauta a intanet yanzu ya saɓa wa abin da su kansu littattafan Hindu suka faɗa, kuma talakan da bashi ya shaƙe wa wuya shi ke kwana a ciki.

Jerin siffofin ya shahara ne ta wani kundi da aka tsara a fadar Maisur, a kudancin Indiya, a ƙarni na 19, zamanin sarki Krishnaraja Wodeyar na Uku. A can aka siffanta Rinamocana Ganapati fari tas, sanye da jan alharini, da hannuwa huɗu: ɗaya riƙe da zarge, ɗaya da ƙugiyar da ake kora giwa da ita, ɗaya da karyayyen haurensa, na huɗun da ɗan itacen jambu. Ba jakar kuɗi a hannunsa, ba tulin zinariya. Wannan ya isa mai lura ya gane cewa ba gunkin neman arziki ba ne.

A aƙidarsu, bashi ya girmi kuɗi. Tsoffin nassoshin Beda, wato littattafan addininsu mafi daɗewa, sun ce ana haihuwar mutum da bashi uku a wuyansa: na alloli, wanda ake biya da hadaya, na malaman farko, wanda ake biya da karatu, da na kakanni, wanda ake biya da haihuwa don kada zuriya ta yanke. Shi ya sa duk shekara, wajen watan Satumba, suke da kwanakin Pitru Paksha, inda ake zuba ruwa da baƙin riɗi da sunan mamata, masu hali kuma su tafi garin Gaya a jihar Bihar. Ga kuma karma a kai. Sun yi imani ana mutuwa a sake dawowa, kuma haƙƙin da ka ci a wancan zuwan zai biyo ka wannan. To, mai irin wannan imani ba shi da hurumin roƙon a shafe masa bashin da ya ci. Iyakarsa ya roƙi ikon biya.

Yadda ake yin wannan bauta a gida ba tsada. Ana wanka da sassafe, a kunna fitilar man shanu, a ƙulla niyya da baki, mutum ya ambaci sunansa da na zuriyarsa da abin da ya kawo shi. Sai a miƙa jan fure, da tsinke 21 na wata ciyawa mai yaɗo da suke kira durba, da modak, wato dunƙulen garin shinkafa da aka cusa wa kwakwa da mazarƙwaila. Ba a sa masa ganyen tulsi, wani tsiro mai ƙamshi dangin ɗoɗɗoya, duk da darajarsa a wasu bautunsu. Daga nan a ja carbi mai ƙwaya 108. Masu ƙarawa da azumi suna yin sa ran huɗu ga raguwar wata, su sha ruwa bayan fitowar wata da dare. Idan ranar ta faɗo Talata sun fi girmama ta. Ita Talata, a lissafin taurarinsu, ranar rage bashi ce, ba ranar cin bashi ba. Dukan kayan nan ba su kai kuɗin cefanen yini ba.

Akwai kuma wuraren da ake takawa a je. A Tiruccerai, kusa da Kumbakonam a jihar Tamil Nadu, Shiba, ɗaya daga manyan allolinsu, ake bauta wa da wannan niyya, Litinin 11 a jere. A garin Ujjain, bakin kogin Shipra, ranar Asabar ake ƙulla kayan da duk rawaya ne, kurkum da wake da fure, a cikin rawayan ƙyalle.

Matsalar tana farawa ne daga inda ɗan duba ya shigo. Ya kalli taswirar taurarin ranar haihuwar mutum, ya ce masa bashin kakanni ne ya tare masa hanya, sai an yi masa babbar hadayar wuta, ga lambar asusu, za a turo bidiyo da toka a ambulan. Wanda ba shi da ko sisi ina zai samo? Wurin mai ba da rance da ruwa zai koma, ko ya kai ɗan kunnen matarsa jingina. A yi lissafi: rupi 50,000 a kan uku cikin ɗari duk wata, ruwansa 1,500 ne a wata, 18,000 a shekara, uwar kuɗin kuwa tana nan daram. Kafin Litinin 11 su cika, ruwan ya tasam ma 4,000. Idan abin bai yi ba, amsar a shirye take: ka tsallake mako, ko karmarka ce mai nauyi, a sake daga farko. Da wannan amsa ɗan duba ba ya taɓa faɗuwa.

Mafi muni, kalmar karma takan rufe bakin wanda aka zalunta. Indiya ta haramta bautar da mutum saboda bashi tun 1976, jihar Tamil Nadu kuma ta yi dokar hana ruwa mai tsanani a 2003. Leburan da ke aiki a wurin gasa bulo shekara da shekaru kan rancen da ubansa ya ci, doka ta riga ta yafe masa, ofishin gunduma ya kamata ya nufa ya karɓi takardar 'yanci. In aka cusa masa cewa alhakin wata rayuwa yake biya, ba zai je ba, kuma mai wurin bulon ya fi kowa son ya ci gaba da yarda da hakan.