A wace kasuwa?

Tun shekaranjiya ake ta kirana a waya, wai na ci mutuncin yaro a gaban malamansa. Wasu har da turo mini nasiha a kan tausasa harshe. Na gode, Allah Ya saka da alheri. Amma tunda maganar ta fito daga ɗakin kare kundin digiri ta iso nan, bari in faɗi nawa, wanda zai ji haushi ya ji.

Tambaya ɗaya na yi wa yaron nan. Ɗaya tak. Ya gama karanto mana cewa bincikensa ya gano lissafin ƙimar kasuwa yana da "kyakkyawan tasiri mai ƙarfi" a kan ingancin rahoton kuɗi na kamfanonin Najeriya, sai na ce masa, "Malam, a wace kasuwa aka samo farashin?" Ya dubi sufabaizansa, sufabaiza ya dubi silin. Na ce to bari in sauƙaƙa maka, cikin kamfanonin da ka lissafa, buɗe mini rahoton shekara na guda ɗaya ka nuna mini shafin da aka kasa kadarori mataki uku bisa yadda aka samo farashinsu. Ashe bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Takardar tambayoyi ya raba wa ma'aikatan banki: ka yarda ƙimar kasuwa tana inganta rahoto? Na yarda ƙwarai, na yarda, ban sani ba. Ya kwashe ya zuba wa manhajar ƙididdiga ta SPSS, inji ya tofo masa lambobi, shi ke nan an gama ilimi. Masha Allah. Kamar ka je tasha ka tambayi direbobi ko suna tuƙi da hankali, ka dawo ka rubuta cewa bincike ya tabbatar babu ganganci a hanyar Zariya.

Ni ban ga laifin yaron sosai ba. Abin da ya tarar ana yi ya yi. Ku shiga ɗakin karatu na kowane sashen akanta ku ga kundaye jere, take iri ɗaya, babi na biyu (na bitar ayyukan baya) iri ɗaya, sakamako iri ɗaya. An canja "bankuna" an sa "kamfanonin inshora", an canja shekaru, an canja sunan wanda aka sadaukar wa aikin. Da mu nake, mu da muke sa hannu.

Abin haushin shi ne, babu Bahaushen da ya taɓa shiga kara da bai fahimci wannan darasin ba tun kafin turawa su rubuta shi. Ka kai sanka kasuwar Wudil ranar Juma'a. Kai ka san nawa ka saye shi bara, wannan shi ne farashin saye, tsohon lissafin da aka saba. Dillali ya zagaya da shi, aka taya, ka ce albarka, aka ƙara, ka sallama. Kuɗin da aka sallama ɗin nan shi ne ƙimar kasuwa. Haka ƙa'idar akanta ta duniya mai suna IFRS 13 ta ce, wadda aka fitar a 2011 ta fara aiki a Janairun 2013: kuɗin da za ka karɓa in ka sayar da kadara yau, a ciniki na lumana tsakanin 'yan kasuwa, ba cinikin wanda bashi ya shaƙe wa wuya ba. Sai ta kasa abin gida uku. Mataki na ɗaya, kaya ne da ake cinikinsa kullum, farashi a bayyane, kamar buhun masara a Dawanau, ko yaro ka aika zai dawo maka da farashi. Mataki na biyu, naka bai shiga kasuwa ba amma an sayar da irinsa, kamar gidan maƙwabcinka da aka sayar watan jiya, sai ka kwatanta. Mataki na uku, babu wanda ya taya, babu irinsa da aka sayar, mai kaya ne ya zauna da kwamfuta ya ƙiyasta abin da yake ganin za a saya. Mai kaya. Shi da kansa. Wane mai sa ne ya taɓa cewa sansa ramamme ne?

To in ka ce mini ƙimar kasuwa ta inganta rahoto, dole in tambaye ka: wacce daga ciki? A wace kasuwa?

Waɗanda muke kwafo wa babi na biyu ma ai wannan tambayar suka yi. Masu bincike Song da Thomas da Yi, a 2010, sun ɗauki rahotannin bankunan Amurka na 2008 suka duba yadda masu zuba jari ke ɗaukar kowane mataki. Suka tarar ana gaskata na ɗaya da na biyu fiye da na uku, kuma inda shugabancin kamfani ke da rauni, rashin yarda da na ukun ya fi tsanani. Wato ko a Amurka, inda kasuwa ke ci dare da rana, mutane na jin lissafin mai kaya su rage masa wani abu. Yaronmu ya ambaci wannan aikin a shafi na ashirin da wani abu. Bai karanta ba. Da ya karanta da bai dubi sufabaiza ba.

Wani ya rubuto mini cewa ai ƙa'idar duniya ce, Najeriya ta karɓe ta tun 2012, me ya rage a yi gardama a kai? Ranka ya daɗe, na sani. Ina nan aka yi dokar 2011 da ta kafa hukumar kula da rahoton kuɗi, ina nan kamfanonin da ke kasuwar hannun jari suka koma IFRS a Janairun 2012. Karɓo ƙa'ida daban, samun kasuwar da ƙa'idar ke nema daban. Kamfanonin da ke kasuwar hannun jari ta Legas ba su kai 200 ba, kuma duk mai bibiya ya san akwai waɗanda sai a yi kwanaki farashinsu bai motsa ba don babu mai saye babu mai sayarwa. Farashin da ya kwana sati a allo ba tare da ciniki ba, sunansa mataki na ɗaya a takarda, amma je ka sayar da hannun jari miliyan goma a kansa ka gani. Balle a zo ga filaye da gine-gine, inda mai ƙiyasi ɗaya zai ce miliyan 300, na biyu ya ce 500, kowa da hatiminsa. Wannan shi ne abin bincike. Shi ne kuma ba a taɓawa.

Wata kuma ta ce to ni ina adawa da ƙimar kasuwa ke nan, ina so a koma lissafin kakanni. Hajiya, ba ki karanta ni da kyau ba. Je ki duba abin da ya faru da Silicon Valley Bank na Amurka. A ƙarshen 2022 bankin na riƙe da takardun lamuni na kusan dala biliyan 91 da ya rubuta a farashin saye, bisa hujjar cewa zai riƙe su har wa'adinsu ya cika. Kuɗin ruwa ya tashi, ƙimarsu a kasuwa ta faɗi da kusan biliyan 15, kusan daidai da dukan jarin masu bankin. Asarar tana nan a rubuce cikin rahoton, amma ba ta taɓa lissafin riba ba. Ranar 9 ga Maris 2023 masu ajiya suka nemi cire dala biliyan 42 a yini ɗaya, washegari hukuma ta rufe shi. A nan akwai kasuwa, babba ma kuwa, farashi a fili, aka kau da kai. Tsohon lissafi ne ya rufa asiri har rufin ya rufto.

Sai ki juya ki dubi Enron, kamfanin makamashi na Amurka. Tun farkon shekarun 1990 suka samu izinin rubuta kwangilolinsu a ƙimar kasuwa. Kwangilar shekara ashirin, babu kasuwar da ake sayar da irinta, sai su ƙiyasta ribar da za a ci nan gaba su rubuta ta yau. Yarjejeniyarsu ta 2000 da Blockbuster, kamfanin hayar fina-finai, ta watse cikin 'yan watanni, amma sun riga sun rubuta ribar sama da dala miliyan 100 a kanta. Disambar 2001 kamfanin ya durƙushe, ya ja Arthur Andersen, kamfanin da ke binciken asusunsa, suka tafi tare. Ɗaya yana da kasuwa ya ƙi dubawa, ɗaya ba shi da kasuwa ya ƙirƙiro. Duka biyun tambaya guda ce za ta tona su, ita ce wadda na yi wa yaron nan aka ce na yi rashin tausayi.

Har rikicin 2008 da ake ta jingina wa ƙimar kasuwa, an bincika. Bankuna sun yi ta kuka cewa ita ta kashe su, 'yan siyasa suka matsa, a Oktoban 2008 aka sassauta IAS 39, ƙa'idar duniya ta lissafin kadarorin kuɗi, a Afrilun 2009 Amurka ma ta sassauta tata. Amma hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta fitar da rahoto a Disambar 2008 cewa ba ita ce ta kayar da bankunan ba, bashin banza da suka bayar ne. Masu bincike Laux da Leuz suka bi diddigi a 2010 suka iso kusan wuri ɗaya. Kun ga yadda ake yi? Ana zargi, sai wani ya je ya buɗe littattafan bankunan ya ƙirga kashi nawa ne ma aka rubuta a ƙimar kasuwa. Bai raba takardar "na yarda ƙwarai" ba.

Mu kuwa Allah Ya ba mu abin bincike har ya yi yawa, muna tsallake shi. A 2008 kasuwar hannun jarinmu ta faɗo daga ƙololuwa, bankunan da suka ba da bashi aka sayi hannun jari da shi suka wayi gari jinginar da ke hannunsu ta zama takarda. Agustan 2009 Sanusi Lamido Sanusi, gwamnan Babban Banki na lokacin, ya sauke shugabannin bankuna biyar a rana ɗaya, kuɗin ceto ya kai naira biliyan 620, aka kafa hukumar AMCON a 2010 ta saye rubabben bashi. A wane farashi ta saya? Wa ya ƙiyasta? Ga kundin digiri na uku nan a zaune yana jiran mai shi.

Ko ku ɗauki na jiya-jiya. Kafin 14 ga Yuni 2023, dala tana wajen naira 460 a hukumance, a kasuwar canji ta Wapa kuwa ta haura 700. Kamfani na rubuta bashinsa na dala da farashin da shi kansa ba ya samun dala a kai. Na san masu ilimi za su ce wannan IAS 21 ce, ƙa'idar canjin kuɗi, ba IFRS 13 ba. Na sani, ku ajiye alƙalamin gyara. Tambayar dai ita ce: a wace kasuwa? Da aka saki naira, MTN Najeriya ta rufe 2023 da asarar kusan naira biliyan 137 alhali mutane ba su daina kira ba, bankuna kuma suka bayyana ribar da ba su taɓa gani ba, har Babban Banki ya fito a Satumbar shekarar ya hana su raba ribar canjin ga masu hannun jari. Me ya sa ya hana? Don ya san an taya ne, ba a sallama ba. Riba ce ta takarda. Shekara guda, ƙasa guda, lissafi ya mai da wani attajiri ya mai da wani matsiyaci, mu kuma muna nan muna tambayar kashiya ra'ayinta.

Masu ɗan ƙoƙari a cikinmu, waɗanda ke buɗe rahoton, su ma akwai inda suke ba ni mamaki. Sai ka ga an auna "ingancin rahoto" na banki da ma'aunin Jones na 1991, ko gyararrensa na 1995, wanda ake gano kwaskwarimar riba da shi. Ma'aunin nan da cinikin kaya da injuna da gine-gine yake aiki, don masana'antu aka yi shi. Banki kuwa inda yake ɓoye wasansa shi ne kuɗin da yake warewa don bashin da ba zai dawo ba. Ka auna hatsi da ma'aunin yadi, ka ce sakamako ya fito. Zai fito mana. Inji ba ya musu.

Kada a ce ban san halin da ake ciki ba. Na sani. Malami ɗaya da ɗalibai talatin a wuyansa, albashi ba ya kai wata, babu kuɗin shiga rumbunan bayanai da takwarorinmu na waje ke shiga kyauta daga ofis, wuta ma sai an roƙa. Wallahi ina tausayinmu. Na taɓa kwana uku ina kwafe lambobi da hannu daga rahoton da aka ɗauka a hoto, idona har ya yi ja. Amma rahoton shekara kyauta ne a intanet. Ba a biyan ko sisi. Shafin matakai ukun nan yana can wajen ƙarshe, inda babu hoton shugaban kamfani yana murmushi, shi ya sa ba a isa wurin. Yaron da zai buɗe rahoto goma kawai, ya ƙirga mini kashi nawa na kadarorin kowane banki ke mataki na uku, ya gaya mini ko ya ƙaru ko ya ragu, na rantse zan miƙe tsaye in tafa masa ko da bai taɓa jin sunan manhajar Stata ba. Yaron shekaranjiya ma na gaya masa haka bayan an tashi, na ba shi lambata. Wannan ɓangaren ba a yaɗa shi ba.

Af, wani abu ma ya faɗo mini. Tun muna zaure ana karanta mana babin zakka, malaman Malikiyya sun raba ɗan kasuwa gida biyu. Akwai mudiri, mai juya kaya kullum kamar ɗan Kwari, shi duk shekara zai yi wa kayan shagonsa ƙima da farashin ranar ya fitar da zakka, ko nawa ya saye su. Akwai muhtakiri, mai ajiye kaya yana jiran kasuwa ta yi kyau, shi ba ya ƙimantawa, sai ranar da ya sayar ya fitar da ta shekara ɗaya. Ku duba da kyau, ashe ba rabon da ake yi tsakanin takardun da banki ke juyawa da waɗanda yake riƙewa ba ne? Ban taɓa cin karo da kundin da ya haɗa biyun ba. Kuma ina son sanin yadda 'yan Kwari ke yi a aikace, farashin sari suke ɗauka ko na sayarwa ɗai-ɗai, da yadda suke yi da atamfar da yayinta ya wuce ta shekara uku a sito babu mai tayawa. Akwai wani dattijo da muke sallar asuba tare, shekara arba'in yana harkar yadi, gobe in Allah Ya kai mu zan tare shi a bakin masallaci.