Yadda na share wa Bajamushe gonarsa tas

Bari in wanke kaina tun kafin malamai su taso mini: ko ɗigon giya ban sha ba. Hanci kawai na sa, shi ma hancin ba da izinina ya shiga maganar ba.

Karatun ilimin ƙasar noma ne ya kai ni Trier, tsohon birnin Jamus ɗin nan da ke bakin kogin Mosel. Mai gidan da muke haya dattijo ne da ya haura 70, yana zaune a wani ƙauye can gangaren kogin, inda ya gaji 'yar gonar inabi. Baba nake ce masa. A watan Oktoba ya zo duba mana na'urar ɗumama ɗaki, sai ya ce ranar Asabar za su yi tsinka kuma hannu ya yi musu kaɗan. Na ce Baba ai ka zo gidan noma. Ni da na tashi a Malumfashi, na yi huɗa, na yi maimai, na yanki dawa har tafin hannuna ya yi kanta, tsinkar 'ya'yan itace da almakashi ce za ta gagare ni? Na ce kafin azahar mun tashi. Ya dube ni, ya dubi takalmin zuwa Juma'a da ke ƙafata, bai ce uffan ba. Ni kuwa na ƙulla niyya a raina cewa duk abin da ya shiga bokitina rabon yara ne, domin uwargidansa tana ɗura ruwan inabi zalla a kwalba tana sayarwa, wanda ba a bari ya zama giya.

Da muka sauka daga mota na tambayi ina gonar. Ya nuna sama.

Abin da suke kira gona a Mosel, a wurinmu katanga ce. Kowane itacen inabi an ɗaure shi a jikin turkensa, layi-layi, har inda wuya zai gaji da ɗagawa. Ƙasar kuma, ni da nake karantar ƙasa, ban ga ƙasa ba, sai wani baƙin dutse mai falle-falle irin wanda suke rufin gidajensu da shi. Yana shan zafin rana ya riƙe, da dare ya saki, shi ya sa inabi yake iya nuna a wuri mai sanyi haka. A littafi abin yana da ban sha'awa. A ƙarƙashin takalmi mai santsi kuwa, taku uku sama, biyu ƙasa. Na rungumi turke ina salati, Baba ya wuce ni da kwando a baya yana cewa ai wannan wurin wasan jikoki ne, in je dutsen Calmont kusa da ƙauyen Bremm in ga inda gangare ya kai digiri 65.

Aka ba kowa almakashi da bokiti biyu, babba da ƙarami. Baba ya yi jawabi da Jamusancin ƙauyensu, wanda ko malamar da ta koya mini yaren sai ta nemi tafinta. Abin da na tsinta ke nan: masu kyau a babba, ruɓaɓɓu a ƙarami. Magana ta ƙare.

Sunan inabin Riesling. 'Ya'yansa ƙanana ne, ruwan ɗorawa mai sirkin kore, da ɗigo-ɗigo a fatar. A kowane nono kuwa sai ka tarar da wasu sun yamushe, sun koma ruwan ƙasa, har da funfuna mai gashi-gashi. Na riƙa cire su da ƙyama ina jefawa a ƙaramin bokiti, ina tausaya wa tsoho, noman shekara guda ya lalace. Da bokitin ya cika na waiga ban ga kwandon shara ba, sai na juye a gindin itace na bi da ƙafa na tattake, don ya zama taki. Ilimi ai ba ƙarya ba ne. Ya sake cika, na sake juyewa. Can na hango wata 'yar Romaniya a layin kusa da ni, baiwar Allah ta tara nata ruɓaɓɓun har sun yi tozo, ta rasa mai zubar mata. Na ce taimako ba ya faɗuwa ƙasa banza. Na miƙa hannu na kife mata shi.

Ihun da matar nan ta yi, ina jin har tsallaken kogi an ji.

Baba bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Durƙusawa ya yi a kan duwatsun yana tsince 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya, yana hure musu ƙura, yana magana da su ƙasa-ƙasa. Sannan ya zaɓi wanda ya fi kowanne muni ya miƙo mini ya ce ci. Na ce Baba na ƙoshi. Ya ce ci. Na rufe ido na tauna. Wallahi zuma ce, zuma mai kauri, da wani tsami a bayanta da ya kama mini gefen harshe ya ƙi saki. Ya ciro wani ɗan bututu daga aljihu, ya matsa ruwan inabi mai kyau a gilashinsa, ya ce in leƙa ta wajen haske. Layin ya tsaya wajen 80. Ya goge, ya matsa na ruɓaɓɓen da ƙyar, ɗan danƙo ya fito, layin ya haura can sama. Ma'aunin zaƙi ne da suke kira Oechsle, kuma sai ruwan ya kai 150 doka take yarda a sa wa kwalbar giya sunan ajin ƙoli, wanda ƙaramar kwalbarsa kan fi kuɗin hayata na mako.

Ruɓa, in ji shi, iri biyu ce. In hazo ya taso daga kogi da safe sannan rana ta fito da yamma, funfunar tana huda fatar, ruwa ya tsere, zaƙi da tsami su taru a ɗan abin da ya rage. In kuwa damshi ya zarce, sai ta zama ruɓar banza mai warin tsami, ita ce ake yarwa. Da safe ya faɗi duk wannan. Ni dai kalmar ruɓa na kama na yi gaba. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne, in ma akwai alhaki a aikin ranar, na zubar fiye da abin da na tara.

Wajen cin abincin rana aka zauna a kan akwatuna, aka mayar da ni darasi. Baba ya ba da labarin 1775 a Johannisberg, can yankin Rheingau. Gonar a lokacin tana hannun babban limamin coci da ke mulkin Fulda, kuma ba a fara tsinka sai takardar izininsa ta iso. Mahayin dokin da aka aika ya makara, inabi ya ruɓe a kan itace, masu gona suka matse shi a haka don kada a tashi a tutar babu, sai abin ya fito fiye da yadda suka taɓa gani. Yau mutum-mutumin ɗan aiken yana tsaye a harabar gidan. Na ce to Baba, wanda ya yi latti an gina masa mutum-mutumi, ni da na zo da wuri fa? 'Yar Romaniyar ba ta yi dariya ba.

Daga nan ya shiga ƙorafin da na lura kullum yana bakinsa. Duniya ta ɗauka Riesling abin zaƙi ne mai arha, saboda a shekarun 1970 da 1980 an cika kantunan Ingila da wata giya mai zaƙi-zaƙi da ake kira Liebfraumilch, wadda yawancinta ma da wasu nau'o'in inabi aka yi ta. Alhali tun 1435 sunan Riesling yake a rubuce, a littafin lissafin wani basarake a Rüsselsheim, kuma Jamus kaɗai tana da kusan hekta 24,000 nasa. Wanda ake yi a Alsace ta Faransa da Wachau ta Ostiriya galibi babu zaƙi a ciki. Na kwarin Clare a Ostireliya, ya ce, lemun tsami ne tsagwaronsa. Ko a gonarsa, layi ɗaya yana ba da abu daban-daban, ya danganta da ranar da almakashi ya taɓa shi. Uwargida ta ga ina gyaɗa kai irin na wanda bai gane ba, sai ta jera mini kofi uku, duk babu giya a ciki. Na farko daga ɗanyen inabin da aka rage tun bazara, miya suke sa wa, ya sa na runtse ido ɗaya har yara suka yi tafi. Na biyu na tsinkar farkon Oktoba, zaƙi da tsami suna kokawa babu wanda ya ka da wani. Na uku mai kauri, da cokali ya kamata a sha shi. Itace ɗaya fa.

Da yamma aka koma ɗakin ƙasa, aka kunna kyandirori a kan dogon tebur. Ina can ƙarshe da kofina na biyu, Baba ya sauko da wata tsohuwar kwalba mai ƙura don maƙwabtansa. Ana buɗewa hancina ya miƙe. Ni fa na yi yarinta a teburin kawuna ɗan bumburutu a hanyar Funtuwa, na riƙe mazurari, na tsotsi tiyo. In fetur ya zuba a unguwa ni nake fara sani. Ga wuta a tebur, ga wani tsoho yana shirin kunna lofe. Na yi tsalle na fizge ashanar, na bi kyandirorin da hurawa, ina ihu da duk Jamusancin da nake da shi cewa fetur, fetur, kowa ya fita.

Aka yi tsit cikin duhu. Sai na ji Baba ya fashe da dariya har da tari. Da aka kunna lantarki ya rungume ni, tsohon nan da ɗazu na tattake masa dukiya. Ashe in Riesling ya daɗe a kwalba wani sinadari da ake kira TDN yakan taru a ciki, ƙanshinsa na fetur ne sak, kuma inabin da ya sha rana sosai ya fi yinsa. Masana suna nemansa. Mai lofen nan ya daɗe yana musu da Baba cewa kwalaben shekarar nan ba su da shi, ga shi baƙo daga Malumfashi ya raba gardama. Nan take aka fara jero kofuna ana wucewa da su ta gaban hancina. Na ce wannan fetur ne mai kyau. Wannan ya fi kusa da kananzir. Na mai lofe da ya kawo daga gidansa, na ce an yi masa algus. Har yau ba ya gaishe ni.

Da zan tafi Baba ya nuna mini wasu layuka da aka lulluɓe ba a tsinka ba. Waɗannan sai sanyi ya kai digiri 7 ƙasa da sifili, a tsinke su cikin dare suna ƙanƙara, a matse su a haka kafin su narke. Ya ce mai hanci irin nawa ba a barinsa a gida, in ba shi lambar waya. Na karanto masa lambar abokin zamana, ɗan Garwa, ba tare da na ƙifta ido ba.

Cikin Janairu, wajen ƙarfe uku na dare, abokin nan ya turo ƙofata da waya a hannu, ido a kumbure. Ya ce wani tsoho ne, wai yana ƙasa a cikin mota, ya kawo maka takalmi da safar hannu, kuma wai bokiti ɗaya za a ba ka.