Karatun tafiyar da kaya ba koyon tsaron sito ba ne

Abin yana damuna duk lokacin da na ji ana cewa ɗalibin da yake digirin farko a fannin tafiyar da kaya, daga inda ake samar da su zuwa hannun mai saye, ƙarshensa mai tsaron sito ne ko mai rubuta lodin motoci. Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu, domin sito da tirela su ne abin da ido yake gani a harkar.

Amma abin da ake koyarwa ya fi haka faɗi. Ɗalibin yana karanta ƙididdiga domin hasashen buƙatar kasuwa, da lissafin kuɗi, da dokar kwangila, da dabarun zaɓen masu kawo kaya, da ƙa'idojin kwastan.

A ɗauki tumatirin da ake nomawa a Kadawa ta Jihar Kano, ana kai shi kasuwar Mile 12 a Legas, tafiyar kusan kilomita 1,000. Kafin mota ta tashi, sai an tsayar da ranar tsinka, a zaɓi kwando ko akwatin roba wanda ba ya matse na ƙasa, a kuma san nawa za a tura Legas, nawa za a sayar a kusa idan farashi ya faɗi. Kuskure ɗaya a nan yana iya cinye ribar noman rani gaba ɗaya, kuma auna waɗannan abubuwa da lissafi, tun kafin tumatirin ya ruɓe a hanya, shi ne aikin da ake horar da ɗalibin a kai.